Dariyar da aka yi wa mai kyanwa a shirinku na ranar Laraba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dariyar da mai gabatar da shirinku ya yi ranar Laraba ta ɓata mini rai ƙwarai. Baiwar Allah ta bugo waya daga Marwa, muryarta na rawa, ta ce kyanwarta ta mutu a hannun malamin dabbobi, ina za ta kai kuka? Kafin likitan da kuka gayyato ya buɗe baki sai muka ji, "Hajiya, kyanwa fa kika ce?" aka kece da dariya. Wallahi sai da na ji kamar ni aka watsa wa ƙasa a ido, domin irin wannan dariyar aka yi ta yi mini a nan Garwa wata uku cur.

Tamu kyanwar shekararta bakwai a gidan. Marigayiya Inna ce ta raine ta tun idonta bai buɗe ba, kuma bayan rasuwar Inna ta koma kwana a ƙafar autata. A watan Afirilu ƙuma ta addabe ta, na sa ta a kwali na ɗaure a bayan babur na kai ta wani shago mai allon likitan dabbobi. Mutumin bai ɗora ta a sikeli ba, bai tambayi komai ba, waya ma yake amsawa. Ya ɗauko wata kwalba mai hoton saniya, ya tsiyaya a bokiti, yaronsa ya tsoma ta har wuya. Na biya sefa 3,000. Kafin magariba kunnuwanta sun fara karkarwa, yawu na dalala, can ta hau shure-shure kamar mai farfaɗiya. Na kira shi, ya ce a ba ta madara. Yarinyar nan ta kwana zaune da cokali a hannu, kafin kiran assalatu rai ya yi halinsa.

Daga baya wani likita na gaske, Allah ya saka masa, ya bayyana mini cewa irin wannan maganin kaska na shanu guba ne ga kyanwa, saboda hantarta ba ta iya narkar da shi kamar ta saniya ko ta kare. Ya ce duk wanda ya zauna a aji ya san haka.

Na koma shagon, ba da faɗa ba. Ya ce kwananta ne ya ƙare, in ina so zai samo mini wata, ai kyanwa kyauta ake bayarwa. Mun yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ce ta tsiyaya maganin a bokiti? Na nufi ofishin hukuma in kai ƙara. Aka ce in rubuto da Faransanci in manna tambur. Na biya mai rubuta takarda, na sayi tambur, na kai. Aka ce ina rasit? Malam Edita, wa ya taɓa ba ka rasit a irin waɗannan shagunan? Aka ce ina takardar binciken gawa? Baƙonku ma ya faɗi haka, wai a kai gawar a gwada. Na san muna da LANAVET, ɗakin gwaje-gwajen dabbobi na ƙasa, a Bokle, nan kusa da mu, amma a zafin Afirilun Garwa da ke haura digiri 40, wa zai ajiye mushe a gida yana neman hanya? Da hantsi muka binne ta a gindin darbejiya. Zuwana na huɗu wani ya dube ni ya ce, "Alhaji, nawa ake sayar da kyanwa a kasuwa?" duk ɗakin aka yi dariya. Da bijimi ne na sayo a kasuwar Pitowa ranar Lahadi, na tabbata da kujera za a ba ni.

Baƙon naku ya ambaci ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasa da dokar 1990, ya ce ƙungiyar ke ladabtar da mai laifi. To madalla. Amma Yawunde, inda ƙungiyar take, ta fi kilomita 1,000 daga nan, kuma mai gabatarwa bai bari ya faɗi yadda talaka zai isar da takardarsa ba, ya katse shi yana ta barkwancin ɓera. Ni ba diyya nake nema ba. So nake a tambayi mutumin nan takardar izininsa, domin har jiya da na wuce bokitin na nan a ƙofar shagon. Kuma mai dariya ya tuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle.

Wani abin kuma, lokacin Hausa da ma ɗan kaɗan ne, ga shi kuna cinye kusan rabinsa da tallan masu maganin basir da sanyi. Ku rage, don Allah.

Ku nemo lambar Hajiyar nan ta Marwa ku ba ta haƙuri a iska, yadda aka yi mata dariya a iska, sannan ku dawo da likitan ya ƙarasa amsarsa.

Mai sauraronku,
daga unguwar Yelwa, Garwa