Karatun jami'a ta intanet: a waiwayi mazauna karkara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana a kan karatun jami'a da ake yi ta intanet, domin na lura yawancin masu yabonsa da masu kushe shi mazauna birni ne, mu kuwa da muke fama da shi daga ƙauye ba a cika jin ta bakinmu ba. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke Ƙaramar Hukumar Gwaram, ina da takardar shaidar malanta ta NCE, kuma shekara biyu ke nan ina neman digiri a wata jami'a mai koyarwa daga nesa.

Ban ɗauki alƙalami don in kushe tsarin ba, don kuwa ba don shi ba irina ba zai taɓa jin ƙanshin digiri ba. Magidanci mai aji a hannu, ga iyali ga gona, ba zai iya kwashe komatsansa ya tare a jami'a a Dutse ko Kafin Hausa na tsawon shekaru ba, komai son da yake yi wa ilimi. A cikin waɗanda muke karatu tare akwai matan aure da ma'aikatan asibitocin karkara, kuma duk wanda ya ga yadda aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, ko yadda ɗalibai suka zauna a gida wata takwas a yajin aikin ASUU na 2022, ya san cewa ƙasar nan tana bukatar hanyar karatu da ba ta dogara ga ɗakin lakca kaɗai ba.

Karatu daga nesa ma ba baƙonmu ba ne. Tun 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna, kuma da yawa daga cikin shugabannin makarantunmu ta nan suka ƙaro ilimi, da littattafan da ake raba musu da haɗuwar ƙarshen mako. Jami'ar karatu daga nesa ta ƙasa kuwa, wato NOUN, an kafa ta a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a zamanin mulkin farar hula na Obasanjo aka farfaɗo da ita. Abin da ya sa tsarin na da ya karɓi mutanen ƙauye shi ne littafi ba ya neman caji, ba ya kuma neman sabis, ko a ƙarƙashin bishiya ka buɗe shi zai yi maka magana.

Bari in ba da labarin abin da ya same ni a zangon da ya wuce. Jami'armu ta sanya gwaji na minti talatin a shafinta, ta ce za a buɗe shi daga ƙarfe takwas zuwa goma na dare. A ƙauyenmu ba a samun sabis mai ƙarfi sai a bayan gari, gindin wata tsamiya da ke kan tudu, inda samari suka ajiye wani tsohon turmi suke zama. Bayan sallar isha'i na ɗauki tocila na nufi can, na zauna a kan turmin nan sauro yana gasa mini ƙafa, na amsa tambaya goma sha huɗu daga cikin ashirin, sai sabis ya ɗauke. Na miƙe tsaye, na ɗaga wayar sama kamar mai roƙon ruwa, kafin ya dawo lokaci ya cika, kuma babu ko amsa ɗaya da shafin ya adana. Da na rubuta koke, amsar da aka ba ni ita ce in riƙa tabbatar da ina da intanet mai ƙarfi kafin in fara gwaji. Wanda ya rubuto wannan amsa, ina kyautata zaton bai taɓa kwana a garin da babu fitilar lantarki ba.

Ga kuma batun kuɗi. Wayar da nake karatu da ita wurin mai caji da janareta take yini, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin cajin ya tashi. A watan Janairu na 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Duk da haka wasu malamanmu bidiyo na awa guda suke ɗorawa, wanda babu abin da ke cikinsa sai fuskar malami yana karanta takarda, alhali da murya kawai ya naɗa da an sauke ta da data kaɗan, a tura wa juna ta WhatsApp, mutum ya saurara ko yana hanyar gona.

Abin da nake roƙon jami'o'i bai taka kara ya karya ba. Su fitar da kowace lakca a murya da rubutu mai sauƙin saukewa, su sa shafin gwaji ya riƙa adana kowace amsa da zarar an ba da ita, su kuma bar shi a buɗe kwana biyu ko uku, domin dare ɗaya na iya zuwa da hadari ko ɗaukewar sabis. Wannan gyara ne na tsari, ba ya bukatar sabon gini.

Gwamnatin Jihar Jigawa ma tana da nata kason. Jihar da ta kafa cibiyar koyon ilimin kwamfuta a Kazaure tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, lokacin da wasu jihohin ba su ma fara tunanin haka ba, ba za ta gagara samar da ɗaki guda mai sola da intanet da 'yan kwamfutoci a kowace ƙaramar hukuma daga cikin 27 ɗinta ba, ko da a cikin makarantar sakandare ne. Da rana ɗaliban makarantar su amfana, musamman da yake tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, kuma yaranmu da dama a ɗakin jarrabawa suke fara ɗora hannu a kanta. Da yamma kuma a bar mu, mu masu karatu daga nesa. 'Yan majalisarmu na tarayya su ma su tuna akwai asusun USPF a ƙarƙashin NCC, wanda aka tanada don kai sadarwa yankunan da kamfanoni ba sa ganin riba, su nema mana rabonmu.

Darasin da na faɗi sai na maimaita shi baɗi, da sabon kuɗi. Na riga na ware buhun riɗi guda daga abin da nake fatan girba don rajistar zango mai zuwa, kuma ina fatan kafin lokacin wani daga cikin masu tsara mana karatun nan zai ci karo da wannan wasiƙa.

Na gode.

Naka,
Wani malamin firamare,
Ƙaramar Hukumar Gwaram, Jihar Jigawa.