Ɗan gajimaren da na gani daren Laraba

Samaru, Zariya

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Mu nan lafiya lau, sai sanyi. Hajiya tana gaishe ka, ta ce har yau ba ta ga hoton takwararta ba.

Hunturun bana ya zo da hazo ƙwarai, an yi kwanaki ko dutsen Kufena ba a hangowa. Sai daren Laraba iska ta kwanta, sama ta washe, aka kuma ɗauke wuta a unguwar baki ɗaya. Na ɗauko tabaron hangen nesan da ka bar mini na fita tsakar gida. Ka tuna taurari ukun nan da ke jere, waɗanda muke nunawa idan mun taso daga karatun dare? Larabawa na kiran garken nasu Jauza, Turawa kuma Oriyon. Ta kudu da su akwai wasu ƙanana da suka rataya kamar takobi. Da na saita na tsakiyarsu, sai na ga ashe ba ɗigo ba ne irin na tauraro. Wani ɗan gajimare ne toka-toka, kamar an hura numfashi a kan madubi. Na daɗe tsaye har yatsuna suka ƙage.

Irin wannan gajimaren na gas da ƙura da ke can tsakanin taurari shi ake kira nebula. Haskensa da ya shigo idona ya yi kimanin shekara 1,350 yana tafe, kuma kafin haske ya ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan sai ya yi fiye da shekara 20. Duk da wannan girma, kusan fanko ne. Ka ɗebi wuri kamar ƙwayar sukari mai kusurwa huɗu a cikinsa, 'yan dubban ƙwayoyin zarra kawai za ka samu, alhali iskar ɗakinka a wuri kamar wannan tana da biliyoyin biliyoyi. Yawan faɗinsa ne ya sa ake ganinsa.

Abin da ya fi ɗauke mini hankali shi ne yadda yake samun haske. Asalinsa gajimare ne mai duhu na iskar haidurojin da hiliyam da 'yar ƙura kaɗan, mai sanyin da ya kai wajen digiri 260 ƙasa da sifiri. A hankali ƙarfin janyowa yake tattara wani sashe, ya dunƙule, cikinsa ya yi ta zafi har ya kama, tauraro ya samu. A tsakiyar wannan da na gani akwai manyan taurari huɗu da aka haifa a nan. Suna fitar da wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, wanda ke fizge elektiron, wato ɗan ƙaramin ɓangaren ƙwayar zarra, daga jikin haidurojin. Idan elektiron ɗin ya dawo mazauninsa sai ya saki jan haske. Wato 'ya'yan da gajimaren ya haifa su ne suke haska shi. Shi ya sa a hotuna za ka gan shi ja, ni kuwa toka-toka na gani, domin idon ɗan Adam ba ya rarrabe launi idan haske ya yi rauni.

Akwai kuma kore a ciki, kuma ya wahalar da masana. A 1864 William Huggins a Ingila ya rarraba hasken wani gajimaren launi-launi, ya tabbatar gas ne, amma ya ga wani koren layi da ba a san mai shi ba. Har aka raɗa wa wani sabon sinadari suna saboda shi. Sai a 1927 Ira Bowen ya nuna oksijin ne, wannan dai da muke shaƙa, sai dai ba ya ba da wannan launi sai a inda ƙwayoyin iska suka yi ƙaranci matuƙa.

Wasu gajimaren kuma hasken aro suke yi. Ƙurar da ke kewaye da taurarin nan kaza da 'ya'yanta tana mayar da hasken taurarin ne kawai, shuɗi-shuɗi, kamar yadda hazo ke haskakawa a gaban fitilar tirela a hanyar Sakkwato. Wasu ragowar matattun taurari ne. A 1054 masu duban taurari a Sin sun rubuta cewa wani sabon tauraro ya bayyana, ana ganinsa har da rana tsaka na kwana 23. Fashewa ya yi, kuma tarkacensa na nan yana ta bazuwa har yau. Irin wannan tarkace shi ke komawa ya gauraya da wani gajimaren, da ƙarfensa da oksijin ɗinsa, a sake haifar wasu taurarin daga gare shi. Ranarmu ma ta haka ta samu, shekara biliyan 4.6 da suka wuce. Subhanallah. Wallahi da na tuna wannan a tsakar gida sai da tsigar jikina ta tashi.

Na taso babban yarona ya leƙa. Ya ce, "Baba, wannan ɗin ne kawai?" Ban ga laifinsa ba, ya saba da hotunan waya. Na zaunar da shi na yi masa bayanin da na yi maka, sai ya ce a sake ba shi tabaron.

Don Allah, idan ka sami daren da gajimaren Ingila ya yaye, ka fita bayan gari inda babu fitilu, ka fuskanci kudu. Ka bar idonka ya saba da duhu kamar minti ashirin, kuma ka kalle shi ta gefen ido, ya fi fitowa. Ka rubuto ka gaya mini abin da ka gani. A gaida uwargida da yara, kada kuma ka manta da hoton Hajiya.

Naka har kullum,
Amininka