Yaya uwa za ta hana a fasa wa ɗanta ƙwai a kan ƙuna?

Assalamu alaikum Anti,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aiki. Mu ma'aikatan jinya ne mata, mun haɗu muka rubuto miki kan wata matsala da ta fi ƙarfin karatun asibiti, ta fi kama da fanninki.

Yawancin ƙunar da ƙananan yara ke samu a gida ba gobara ce ke jawo ta ba, abu mai zafi ne ke zubo musu: ruwan fulas, kunu, koko, man suya, talge. Lokacin ma sananne ne, ko da safe ana haɗa 'yan makaranta, ko gab da magariba, balle da azumi, uwa ɗaya tukunya uku. Talge da koko sun fi ruwa ɓarna, domin suna manne wa fata su ci gaba da dafa ta. Akwai kuma goyo. Uwa na suyar ƙosai a ƙasa, ta juya ta ɗauko matsami, ƙafar jaririn da ke bayanta ce ke fuskantar kasko ba tare da ta sani ba. Haka ruwan wanka: a fara juye tafasasshe a bokiti a tafi ɗebo na sanyi, mai rarrafe ya riga kowa isa wurin. Na sanyi ake fara zubawa, sannan a sirka da na zafi.

Idan abin ya faru, taimakon farko ba ya buƙatar ko kwabo. A cire rigar da ta jiƙe da abin zafin, sai dai in ta manne wa fata, to a bar ta. A zare zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Sannan a yi ta zuba ruwa mai ɗan sanyi, na famfo ko na randa, har minti 20 cur, a duba agogo, domin zafin yana ci gaba da shiga nama ko bayan an share abin da ya zubo. In babu famfo, mutum ɗaya ya riƙe buta, wani yana cika masa wata. Ban da ƙanƙara, tana ƙara kashe fatar. A lulluɓe sauran jikin yaron kada sanyi ya kama shi. Kada a fasa bororo, kada a ɗora auduga, a rufe da ƙyalle mai tsabta marar gashi. Duk ƙunar da ta fi tafin hannun yaron girma, ko ta taɓa fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko wurin ya yi fari fat kuma ba ya zafi, sai asibiti nan take. Wannan na ƙarshen shi ke yaudarar iyaye: rashin zafin alama ce ƙunar ta yi zurfi.

To Anti, ga inda gizo ke saƙar. Waɗannan minti ashirin ɗin ba a hannun uwa suke ba. Da yaro ya ƙwalla ƙara gida ya cika, kaka ta ce a fasa ɗanyen ƙwai, maƙwabciya ta miƙo makilin, wani ya ce manja, wani gishiri, wani ma baƙin mai. Manja da baƙin mai rufe zafin suke yi a ciki. Ƙwai yana iya kai ƙwayoyin cuta cikin buɗaɗɗen ciwo. Makilin sanyin ƙarya yake bayarwa, ya bushe ya ƙanƙame, a asibiti kuma dole a wanke shi kafin a ga zurfin ƙunar, yaron ya sha azaba sau biyu. Uwaye da dama sun ji bayanin ruwa a wurin awo, sun kuma yarda. Amma wace yarinya ce mai ɗan fari za ta dubi uwar mijinta a gaban jama'a ta ce, "Hajiya, ba haka ake yi ba"? Kunya ma ta hana ta nuna damuwa da ɗan, balle gardama. Ba mugunta ke sa tsofaffin nan ba, ƙauna ce, shi ya sa abin ke da wuyar taɓawa.

Irin wannan ce ke faruwa idan mai ya kama da wuta a kasko. Hannu na kaiwa ga buta kafin tunani ya zo. Ruwa ya fi mai nauyi, sai ya nutse ƙasa ya zama tururi nan take, girmansa ya ninka kusan sau 1,700, ya watso mai da wuta a fuska. A kashe murhun, a rufe kaskon da murfin ƙarfe ko faranti, a ƙyale shi rabin awa, kada a ce za a fita da shi tsakar gida.

Matsala ta biyu ta iyayen gida ce. Tiyon gas idan ya tsufa yakan tsage, galibi a bakin da ya haɗu da murhu ko da kan tukunyar gas ɗin, kuma ɓera ma yana cin sa. Gwajin mai sauƙi ne: a kaɗa sabulu da ruwa a shafa a mahaɗan, in kumfa na tasowa, yana yoyo. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, daidai inda yara ke wasa. In aka ji warinsa, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a kunna ko a kashe ƙwan lantarki, kada a ƙyasta ashana don a duba. Ƙaramar tukunyar gas mai kilo 6 da ake ɗora girki a kanta kai tsaye ita ma tana da nata haɗarin, babbar tukunyar tuwo kan rinjaye ta wajen tuƙi. Mace ce ke ganin duk wannan kullum, amma kuɗin sabon tiyo da maɗaurinsa a aljihun maigida suke, amsar kuwa sau da yawa ita ce, "Ai yana aiki, a naɗe da leda." Kananzir kuma har yau ana zuba shi a robar lemo a ajiye a ƙasa. Yaro ya sha, a ɗura masa manja don ya yi amai, alhali aman ne ke tura shi cikin huhu.

Shawarar da muke nema ita ce: wane lafazi za mu koya wa matashiyar uwa da za ta faɗa cikin daƙiƙa biyar, yaro na kuka, wanda zai sa a ba ta buta ba tare da an ce ta raina manya ba? Ta jingina maganar ga likita ne, ko hakan zai ƙara tunzura tsohuwa? Wasu cikinmu na ganin kakannin ya kamata a fara jawowa, a wurin suna ko makarantar Islamiyya ta matan aure, su zama su ne masu ba da umarnin ruwa. Wasu kuma sun ce miji ne kaɗai zai iya yi wa mahaifiyarsa wannan magana, kuma tun kafin komai ya faru. Sannan ta wace hanya mace za ta sa a canza tiyo ba tare da ya zama rigimar kuɗin cefane ba?

Muna sauraron amsarki a wannan fili. Allah ya ƙara basira.

Naki,
Wasu ma'aikatan jinya, Kano