Tsofaffi Mazauna Duwatsu a Zanen Japan

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin ɗalibanmu masu koyon zane a nan Kaduna zuwa ga wani fanni da ya cancanci nazari.

Masu zanen Japan sun shafe ɗaruruwan shekaru suna zana wasu tsofaffi waɗanda mabiya addinin Tao na ƙasar Sin suka yi imani cewa sun ƙaurace zuwa duwatsu har suka tsere wa mutuwa. Mu dai mun san kowane rai mai ɗanɗanar mutuwa ne, amma gwanintar hannun masu zanen abin koyi ce. Ɗaya daga cikin tsofaffin, mai suna Gama, yakan bayyana da kwaɗo mai ƙafa uku a kafaɗa. Wani kuwa, mai suna Tekkai, gurgu ne cikin tsumma, dogare da sandar ƙarfe, yana hura ransa ta baki, sai a hango ɗan mitsitsin mutum yana tafiya cikin iska. Shi ne ya fi burge ni, domin mai zanen bai ɓoye talaucinsa ba. A 1764 wani mai zane ɗan Japan, Soga Shohaku, ya zana gungun tsofaffin da launuka masu kaifi.

Don Allah a riƙa buga mana irin waɗannan hotuna tare da bayaninsu.

Naka mai karatu,
daga Kaduna.