Alec Douglas-Home bai sadaukar da komai ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na rubuto ne a kan shirinku na daren Lahadi, inda mai gabatarwa ya yi ta nanata cewa Alec Douglas-Home, tsohon Firaministan Birtaniya, ya sadaukar da sarautar gidansu domin ya yi wa talakawan Birtaniya hidima. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ta ɓata mini rai ƙwarai, domin na daɗe ina koyar da tarihi a makarantar sakandare kafin na yi ritaya, na kuma san cewa abin da yaro ya ji a rediyo ya fi zama masa a kai fiye da abin da malami ya rubuta a allo. Washegari ma sai da jikata ta zo tana ba ni labarin "basaraken da ya bar komai saboda jama'a".

Me ya bari? An naɗa shi Firaminista a ranar 19 ga Oktoba 1963, bayan Firaminista mai barin gado, Harold Macmillan, yana kwance a asibiti, ya ba Sarauniya shawarar ta kira shi maimakon Rab Butler, wani jigo a jam'iyyarsu ta Kwanzabatib. Sai bayan kujerar ta shiga hannunsa ne ya ajiye sarautar Earl ta Home, wadda shi ne na 14 da ya riƙe ta, saboda a zamanin ba za a yarda Firaminista ya yi mulki daga majalisar masu sarauta ba. Dokar da ta ba shi wannan dama ma ba shi ya yi wahalarta ba, Tony Benn ne na jam'iyyar Leba ya yi shekaru yana fafutuka kafin a kafa ta a 1963. Nan da nan aka samo masa mazaɓar Kinross da West Perthshire, inda 'yan Kwanzabatib ba su da fargabar faɗuwa, ya ci zaɓen shiga majalisar wakilai a watan Nuwamba.

Gidan gadonsu na Hirsel da ke kusa da Coldstream da filayensu na Douglas a Lanarkshire kuwa suna nan a hannun iyalinsa, ba wanda ya taɓa su. A 1974 ya koma majalisar masu sarautar da sabon laƙabi na Baron, kuma da ya rasu a 1995 ɗansa David ya zama Earl na 15. Rawani ne kawai ya tuɓe ya ajiye a adaka har magaji ya zo ya naɗa.

Ba ina cewa mutumin banza ba ne. An shaide shi da ladabi, kuma bayan ya sha kaye a hannun Harold Wilson na jam'iyyar Leba a zaɓen 1964, shi ne ya kawo tsarin da 'yan majalisar jam'iyyarsu ke zaɓen shugabansu da ƙuri'a, maimakon manya su ƙulle a ɗaki su fito da suna. Da a kan wannan kuka yabe shi da ban ɗauki alƙalami ba. Ko yarjejeniyar da ya ƙulla da Ian Smith, shugaban gwamnatin farar fata ta Rodeshiya (Zimbabwe ta yanzu), a 1971, wadda baƙaƙen fatar ƙasar suka yi watsi da ita, ba ku ambata ba.

Sannan kiɗan da kuke sakawa a ƙarƙashin muryar mai gabatarwa ya yi ƙarfi, mu da shekaru suka ja sai mun manna kunne a jikin rediyo. Ina roƙon ku rage shi, ku kuma gyara maganar sadaukarwar nan a shiri na gaba.

Naku,
Tsohon malamin tarihi, Zariya