Wasiƙa Zuwa Ga Mamman Sani A Tawa

Yamai, ran Lahadi

Abokina Mamman Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. A gaishe mini da Inna da kyau.

Ka tambaye ni batun nan na raba mabuɗin sirri ta hanyar haske, har kana cewa ƙarshen masu kutse ya zo. Yi a hankali, malam.

Ba saƙon ake aikawa cikin hasken ba, mabuɗin da za a kulle saƙon ne. Mai aikawa yana sakin ƙwayoyin haske ɗaya bayan ɗaya cikin fibir optik, wato siririyar wayar gilas mai ɗaukar haske, kowace da yadda aka karkata ta. Mai karɓa ya auna su da ka, sannan su biyun su yi magana a fili, su zubar da waɗanda hanyar awonsu ba ta zo ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne mabuɗin. Daɗin abin, ƙwayar haske ba ta kwafuwa, kuma in ka auna ta ba daidai ba ka ɓata ta. Kamar tsakar gida ce da aka share da asuba, ko kaza ta ratsa sai an ga sawu. Ɓarawon da ya tare kowace ƙwaya ya auna ya sake turawa, zai jawo kuskure kashi 25 cikin 100. In kuskure ya haura wajen kashi 11, sai a watsar da mabuɗin a sake sabo.

Charles Bennett da Gilles Brassard ne suka fito da dabarar a 1984. Gwajin farko a 1989 bai kai rabin mita ba, amma a 2007 da ita aka tsare sakamakon zaɓe a Janeba ta ƙasar Suwis.

Matsalar nisa ce. Cikin fibir, duk kilomita 15 rabin hasken ya salwanta, kuma ba dama a ƙara masa ƙarfi a hanya kamar yadda ake yi wa intanet. Daga nan zuwa Tawa ya fi kilomita 500, ka ga dole a yi ta kafa tashoshi. Haka Sinawa suka yi tsakanin Bejin da Shanghai, kilomita 2,000. To a kowace tasha mabuɗin a buɗe yake, sai amanar mai gadi. Ni nan ne zancen ya sane mini.

Akwai hanyar sama: tauraron ɗan'adam na Sinawa, Micius, da aka harba a 2016, ya haɗa Bejin da Biyana ta ƙasar Ostiriya a 2017. Sai dai yana son dare da sararin sama garau. Da hazon hunturunmu ina za a kai?

Kuɗin da kake turo wa yara ta salula kuwa, ba wannan ne zai tsare su ba. Kar dai ka faɗa wa kowa lambar sirrinka, ko da ya rantse daga kamfani yake kira.

In Allah ya kai mu hutu zan zo.

Naka,
Isufu