A Duba Fadamun Rima Kafin A Zargi Mafarauta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin jama'ar Sakkwato. Duk lokacin da aka tayar da zancen raguwar kifi da tsuntsaye da namun daji, mafarauta da masunta ake ɗora wa laifi, alhali ruwa da abinci da mafaka su ne ke zaunar da dabba a wuri, kuma su ne suka fi taɓarɓarewa a ƙasarmu.

Daminarmu ba ta cika wuce wata huɗu ba, zafin Afrilu kuma yakan haura digiri 40, saboda haka rayuwar halittu da yawa ta rataya ne a kan fadamun Rima. Tarwaɗa takan bi ruwan da ya malala cikin ciyawa ta saka ƙwai, 'ya'yanta su yi ƙwari a tafkuna kafin ruwa ya janye. Gaiwa kuwa takan shige laka ta lulluɓe jikinta har damina ta kewayo, amma sai tafki ya cika tukuna za ta samu lakar. Tun da aka kammala madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a 1984, ambaliyar da ke shayar da fadama ta ragu, lokacinta ma ya sauya. Ba na musun amfanin madatsun ga noman rani, sai dai kifin da ya rasa wurin hayayyafa ba ya zama, gauraki kuma, masu yin sheƙa a dausayi, ganinsu ya yi wuya.

Haka lamarin itatuwa yake. Raƙuman dawa na yankin Kure a Nijar, waɗanda su ne akasarin waɗanda suka rage a Afirka ta Yamma, sukan gangara kwarin Dallol Boso da rani saboda gawo, itacen da ke fitar da ganye a lokacin da sauran suka kaɗe.

Roƙona ga hukumomin da ke kula da madatsun nan shi ne su riƙa tuntuɓar sarakunan ruwa, su saki ruwa daidai da lokacin hayayyafar kifi. Hakimai da dagatai kuma su hana sare gawo domin itacen girki da gawayi.

Naka,
Mai karatu daga Wamakko, Jihar Sakkwato